Tagar benen maƙwabci tana kallon tsakar gidana: wace bishiya zan dasa, kuma yaya zan cire darbejiyar da ta tsaga katanga?

Mai Gida a Kano ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Maƙwabcina na gabas ya ɗora bene, kuma tagogi biyu na sama suna kallon tsakar gidana kai tsaye, tun daga ƙofar kicin har wajen igiyar shanya. Mun yi magana cikin mutunci, ya sa labule, amma har yanzu iyali a takure suke, ko wanke-wanke sai da hijabi. Katangata ƙafa 9 ce, benensa kuma bai fi ƙafa 6 daga katangar ba. Tsakanin katangar da ɗakin da ya fi kusa da ita akwai ƙafa 14. Sokawe tana kusurwar kudu, muna da burtsatse, ƙasar wurin jigawa ce. Wace bishiya zan jera da za ta rufe tagogin ba tare da ta ɓata mini gini ba? Wasu sun ce bishiyar turare saboda saurin girma.

Na biyu, a kusurwar arewa akwai tsohuwar darbejiya da na tarar, ƙafa 3 kacal daga katanga, kaurinta sai da ƙyar mutum zai rungume. Katangar ta tsage a daidai wurin, daɓen ma ya ɗago. A rage mata rassa ne ko a cire ta gaba ɗaya? Allah Ya saka da alheri.

Mai Renon Itatuwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka sayi ko dashe ɗaya, ka fara auna abin da kake son rufewa, domin a nan mafi yawan mutane suke yin asara. Ka tsaya a wuri mafi nisa da ake zama a tsakar gidan, ka sa yaro ya riƙe doguwar gora a tsaye ƙafa 4 daga katanga ta ciki, yana ɗaga ta har sai kanta ya yi daidai da saman tagar a idonka. Ka auna gorar. Wannan shi ne tsayin da kake buƙata. Idon mai tsayuwa a tagar bene hawa ɗaya yana wajen ƙafa 16 daga ƙasa. Da ma'aunin da ka bayar, idan layin itatuwan yana ƙafa 10 daga tagar, ƙofar kicin kuma ƙafa 20 daga layin, ganye mai tsayin ƙafa 12 da rabi ya isa ya tare kan mutum a ƙofar. Wuri mai nisan ƙafa 40 zai nemi kusan ƙafa 14. Ka ga ke nan aikinka duka yana tsakanin ƙafa 9, inda katanga ta ƙare, da ƙafa 16 zuwa 18. Abin nema shi ne bishiya mai cunkoson ganye a wannan tsakanin, wadda ba ta zubar da shi da rani, kuma saiwarta ba ta yawo.

A kan haka turare ya faɗi. Gaskiya ne yana saurin fita, amma da ya yi shekara 4 ko 5 ganyen ya haura sama, abin da zai rage a daidai tagar gangar jiki ce kawai, ana hango komai ta tsakani. Ga shan ruwa, ga saiwa mai bin danshi har cikin sokawe, ga sakin busasshen reshe ba tare da wata alama ba. Itacen gona ne da bakin hanya. Ceɗiya, durumi da gamji ma kada su shigo lissafi, saiwarsu ta fi ta kowa ɓarna ga gini da bututu. Maɗaci ya yi wa fuloti girma. Malaina tana kaɗe ganye da rani. Wadda ake kira ambarela, mai rassa hawa-hawa, saiwarta a sama-sama take tafiya, ita ce ke ɗaga daɓen bulo na intalok a gidaje da yawa. Zogale yana da amfani a gida amma ganyensa shara-shara ne, kuma da hunturu ya kama ya zama tsinke.

Abin da ya dace da wurinka shi ne wadda masu sayar da furanni ke kira maskwared, doguwar nan siririya mai dogon ganye da rassa masu zubowa ƙasa, wadda ake jerawa a jikin katangar ma'aikatu. Asalinta daga Indiya da Sirilanka ne. Faɗinta ba ya wuce ƙafa 4 zuwa 6, tana riƙe ganye duk shekara idan tana samun ruwa, kuma tana jure a datse mata kai. Ka lura wajen saye: akwai irin da rassansa ke buɗewa gefe maimakon su zubo, shi yana cin wuri. Ka zaɓi dashe mai tsayin ƙafa 3 zuwa 4, kai ɗaya miƙaƙƙe, ganye tun daga ƙasa. Ka ɗaga ledar ka duba gindinta. Idan saiwa mai kauri ta huda leda ta kama ƙasa har sai an fizge, ka bar shi, ya daɗe a leda kuma zai yi ta fama kafin ya kama.

Layin ya kasance ƙafa 4 daga katanga, wanda zai bar maka ƙafa 10 zuwa ɗaki. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta ƙafa 4 zuwa 5. Ba sai ka jera katangar duka ba, ka rufe faɗin tagogin ka ƙara biyu-biyu a kowane gefe saboda kallon karkace. Ta ƙarshe a ɓangaren kudu kada ta matsi sokawe ƙasa da ƙafa 10, kuma ka san inda bututun ya bi kafin a sa diga.

Ramin ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. Ƙasar sama a ajiye ta daban, a kwashe duk ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne, domin su ne ke sa ganye ya yi rawaya daga baya. A gauraya kashi 2 na ƙasar sama da kashi 1 na taki ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma yana kiran gara. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, kada a dasa da ita. Idan saiwoyi sun nannaɗe a gindin, a yanke ƙasan kamar inci 1 a warware su. Wuyan dashen ya tsaya daidai da fuskar ƙasa kamar yadda yake a leda. Binne shi da zurfi yana ruɓar da ɓawon gindi, bishiyar ta yi shekara tana tsaye ba girma sannan ta mutu. A danne ƙasar da ƙafa a hankali, a yi mata kwarin ruwa kewaye, a zuba jarka guda nan take. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan damina ta zauna, da yamma. A kafa sanda a gefe a ɗaure da tsumma sako-sako, ba da waya ba, a kwance bayan shekara guda.

Ka sa a ranka cewa sai shekara 4 zuwa 5 kafin ta kai inda kake so, shi ma idan ba a yi mata rowar ruwa ba.

Magini ya rubuta:

Malam Mai Reno ya yi bayani mai kyau. Ni ta ɓangaren gini zan ƙara. Yawancin katangun gidajenmu bulo mai inci 6 ne a kan harsashin da zurfinsa bai wuce ƙafa 2 ba, kuma ba su da nauyi a kansu kamar bangon ɗaki. Shi ya sa katanga ce ke fara tsagewa. Saiwa ba ta huda kankare mai kyau, tana shiga ƙarƙashinsa ne tana siririya, kowace shekara ta ƙara kauri har ta ɗaga shi. Bututu ma haka: ba ta fasa lafiyayye, sai dai inda mahaɗa ke tsattsafo, ta shiga nan ta cika shi da gashin saiwa. Don haka ka sa a duba mahaɗun bututun sokawe a gyara mai yoyo kafin dashe.

Ko da maskwared ce, ka yi shingen saiwa. A haƙa siririn rami tsakanin layin da katanga, ƙafa 1 da rabi daga katangar, zurfin ƙafa 2 da rabi zuwa 3. A tsayar da baƙar roba mai kauri irin wadda ake shimfiɗa wa tafkin kifi, ninki biyu, inda aka haɗa a ɗora wani kan wani da ƙafa 1. Bakinta ya ɗan leƙo saman ƙasa da inci 2, in ba haka ba saiwa za ta haura ta kai. Tsohon kwanon rufi da wasu ke sawa yana tsatsa ya huje cikin 'yan shekaru. Kada a buɗe ramin duka a bar shi ruwa ya taru a jikin harsashi. A yi shi gaɓa-gaɓa, a mayar da ƙasa a ranar.

Saboda shekarun jira, kada ka ce za ka ƙara layi 5 ko 6 na bulo a kan katangar nan. Ba a yi harsashinta don haka ba, iskar farkon damina za ta iya kwantar da ita, kuma katanga idan ta faɗi kan mutane take faɗawa. Abin da ya fi shi ne a kafa bututun ƙarfe mai inci 2, kowane a nasa ramin da kankare mai zurfin ƙafa 2 da rabi, tazarar ƙafa 8, a ɗaura koren ragar nan ta inuwa daga saman katanga zuwa tsayin da gora ta nuna. Raga tana barin iska ta wuce, kwano ko tamfol kuwa tare ta suke yi.

Darbejiyar kuwa, a nawa ganin, cirewa ce. A ƙafa 3 da wannan kauri, gindin kansa ne yake tura harsashi, rage rassa ba zai mayar da shi ba. Idan kuma aka sare manyan saiwoyin ɓangaren katanga aka bar ta tsaye, an cire mata abin da ke riƙe ta ta gefe ɗaya. Kada ka gyara tsagar yanzu. Ka shafa ɗan siminti siriri a kan tsagar wuri 2 ko 3, ka rubuta kwanan wata a gefe. Bayan an cire bishiyar a bar damina ɗaya ta wuce. Idan shafen bai sake tsagewa ba ƙasa ta zauna, sai a rushe wannan gaɓar a sake ta da ginshiƙi. Idan katangar ta riga ta karkata, wannan ba ta jira, a tokare ta kuma a hana yara wurin.

Hajiya Mai Lambu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Malam, tunda kana da burtsatse ban ƙi maskwared ba, amma duk mai karantawa da yake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya yi lissafi tukuna. Ba ta da juriyar darbejiya. Shekara biyun farko kowace tana son jarka mai lita 20 zuwa 25 sau biyu a mako da hunturu, sau uku daga Maris zuwa saukar ruwa. A jigawa ma har ya fi haka idan ka tona da yatsa ka ji ƙasa ta bushe. A zuba da yawa lokaci ɗaya ya nutse, ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana koya wa saiwa zama a sama, saiwar sama kuwa ita ce mai ɗaga daɓe. Idan ta sha ƙishi ganyen ƙasa da na tsakiya take fara zubarwa, wato daidai wurin da ake buƙata. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ba laifi, amma ban da mai bilic ko omo da yawa.

A rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye mai kaurin inci 2 zuwa 3, a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara. A riƙa duba gindin kowane mako. Idan aka ga hanyar jar ƙasa ta hau jiki, a kankare, a barbaɗa toka kewaye. Idan ta dawo a nemi maganin gara mai rajistar NAFDAC a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, kuma a nisanta shi da bakin burtsatse. Gara ta fi kama wadda ƙishi ya raunana. Taki kuma rabin bokiti ga kowace a farkon damina ya wadatar. In akwai akuya a gidan sai an kewaye da waya.

Da ta wuce tsayin da ake so da ƙafa 2, a datse kan a saman wani reshe, a riƙa maimaitawa kowace shekara a watan Afrilu kafin iskar farkon damina. Idan aka ƙyale ta za ta haura ƙafa 30, aski ya gagara sai da ɗan hawa. Kada a aske gefe har cikin tsohon itace, kuma kada a cire fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyen a shekara.

Wasu za su ce a sa mangwaro ko gwaiba a ci moriya biyu. A jikin katanga ban ba da wannan shawarar ba. Mangwaro yana son ƙafa 20 ko fiye daga gini, kuma da ya nuna yaran unguwa za su hau katangar, sirrin da ake nema ya tafi. Reshe mai kauri da ya kwanta kan katanga kuma tsani ne ga ɓarawo.

Sannan a sake zama da maƙwabci. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa buɗe taga da ke tona gidan maƙwabci cikin cutarwar da aka hana, kuma maganin ba shi da tsada: gilashin da ba a gani ta cikinsa a rabin ƙasa, ko allunan ƙarfe masu kallon sama a waje. Ko kai ka ce za ka biya rabi, ya fi jiran shekara 5 sauƙi. Haƙƙin kuma ta kowane ɓangare yake: duk reshenka da ya shiga gidansa yana da ikon ya ce a sare, ganyen da ke toshe masa kwata ma kai za a tambaya.

Mai Gida a Kano ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Na yi awon gora, ƙafa 14 ta fito. Saura darbejiyar: wayar wutar da ta shigo gidan ta ratsa ta gefen rassanta, kuma an ce mini a zuba wa kututturen gishiri da baƙin mai ko a cinna masa wuta. Haka ne?

Mai Saran Itace ya rubuta:

Alhaji, a'a, duka ukun ka bar su. Amma bari mu fara daga sama.

Wayar ita ce farko. A je ofishin kamfanin wuta a nemi su zo su cire layin da ya shigo gidan a ranar aikin. Kada a dogara da cewa an ɗauke wuta, tana iya dawowa mutum yana sama, kuma wutar lantarki tana bin ɗanyen reshe. Ka kuma leƙa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji ko ana buƙatar izini kafin sare babbar bishiya. A sanar da maƙwabta tun jajibere cewa za a hau sama, domin mai hawa zai ga gidaje uku ko huɗu.

Bishiya mai wannan girman a tsakanin katanga da ɗaki ba a kayar da ita gaba ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake sauke ta daga sama. Mutum uku aƙalla: mai hawa da igiya a ƙugu ɗaure a jikin itacen, biyu a ƙasa. Kowane babban reshe a ɗaure shi da igiya mai kauri da aka ratsa ta wata gwafa da ke sama da shi, na ƙasa su naɗa ƙarshenta sau biyu a gindin bishiyar don ta riƙe nauyin, kada kowa ya naɗa ta a hannunsa. A fara yanka reshen ta ƙasa, kamar kashi 1 cikin 3 na kaurinsa, sannan a yanka ta sama ɗan gaba kaɗan. Idan aka fara ta sama kawai, reshen yana tsagewa ya ɓare ya dawo ya bugi mai hawa ko tsani. Rassan da suka leƙa kan katanga da gidan maƙwabci su za a fara saukewa, tun akwai na sama da za a rataya igiya. Gangar jikin a yanka ta ƙafa 2 zuwa 3 kowane gunduwa, ana tura ta ɓangaren fili, a shimfiɗa tsofaffin tayoyi da ganyen da aka sare a kan daɓe. Ba a amfani da injin zarto da hannu ɗaya ko sama da kafaɗa, ba a aiki ranar iska. A yi shi da rani, itace bai yi santsi ba.

Kada a yanke ta daidai ƙasa. A bar ƙafa 4 a tsaye, shi ne abin da za a kama a girgiza. A haƙa kewaye da diga, ƙafa 2 zuwa 3 daga jiki, a share ƙasa daga kowace saiwa a sare ta da gatari wuri biyu a cire tsakiyar. Ba a sa injin zarto cikin ƙasa, yashi yana dakushe haƙoransa nan da nan. Saiwoyin da suka shiga ƙarƙashin katanga a datse su tukuna kafin a fara girgizawa, a bar su a ciki, kada a ja, kuma kada a ɗaura wa kututturen mota. Saiwar za ta taso da harsashin. Darbejiya tana da uwar saiwa mai nutsewa ƙasa, sai an karkatar da kututturen a sare ta daga ƙarƙashi.

Idan haƙa ta gefen katanga ta yi haɗari, sai a yanke shi gajere a kashe shi a wurin. Darbejiya tana sake tofowa daga kututture, har daga saiwa, shi ya sa sara kaɗai ba ya gamawa da ita. A sami maganin ciyawa mai gilaifoset, kamar Roundup, a shafa shi da burushi ba tare da an tsinka shi sosai ba, a zoben waje da ke ƙarƙashin ɓawo, domin nan ne ɓangaren da ke da rai. A shafa cikin minti 10 zuwa 15 da yankewa, kafin fuskar ta bushe, da safar hannu, a ranar da ba hadari, a rufe da leda saboda yara da dabbobi. Duk tsiron da ya fito bayan haka a yanke shi yana ƙarami a sake shafawa. Wanda ba ya son magani zai iya rufe kututturen da baƙar leda mai kauri ya riƙa karye tsiro duk mako biyu. Yana mutuwa, sai dai yana iya ɗaukar shekara ko fiye.

Gishiri yana kashe ƙasar wurin har sababbin dashenka, kuma yana cin siminti da rodi. Baƙin mai yana bin ƙasa zuwa ruwan da kuke sha. Wuta kuma tana iya kwanaki tana ci a ƙarƙashi tana bin saiwa, ta narkar da bututun roba ta ƙara tsaga katangar.

Bayan an cire, a kwashe garin katako da guntayen saiwa duka, a cika ramin da jar ƙasa inci 6-6 ana dannewa ana yayyafa ruwa. Saiwoyin da suka rage a ƙasa za su ruɓe cikin shekara 2 zuwa 3, wurin zai riƙa lotsawa kuma gara za ta zo ci, don haka a riƙa duba gindin katanga da katakon rufin ɗakin kusa, kada a yi daɓe a wurin sai bayan damina ɗaya. Sabon dashe kada ya shiga ramin nan, a matsa ƙafa 5 ko 6. Wajen ciniki da masu sara kuma a faɗi komai tun farko: wa zai ɗauki itacen, tonon kututture da kwashe ganye suna cikin kuɗin ko a'a, kuma wa zai biya idan reshe ya fasa kwano ko katanga.